An Karɓi Yatsunmu a Zamanin Korona, Ina Tsaron da Aka Yi Mana Alkawari?

A ranar 15 ga Disamba 2020, daidai lokacin da annobar korona ta sake kunno kai a karo na biyu, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da umarni cewa duk mai layin waya a Najeriya ya haɗa shi da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, kafin ƙarshen watan, in ba haka ba a toshe layin. Ministan sadarwa na wancan lokaci, Isa Ali Pantami, shi ya tsaya kai da fata a kan tsarin, kuma babbar hujjar da aka kafa ita ce tsaro. Idan kowane layi yana ɗaure da yatsu goma da fuskar mai shi, ɓarawon mutane ba zai sake buga waya ya yanka kuɗin fansa sannan ya ɓace ba. Da wuya a sami jihar da wannan magana ta kwanta wa a rai kamar Zamfara. Wanda ya taɓa sayar da gona da shanun huɗa don ya fanso ɗansa daga daji, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin gano mai waya ba.

Shekaru sun shuɗe, lokacin lissafi ya yi. Talaka ya cika nasa ɓangaren: ya ba da yatsunsa da fuskarsa da adireshinsa. A ganina gwamnati ba ta cika nata ba, kuma dalilin ya wuce a ce na'ura ce ta gaza.

Lokacin da aka zaɓa shi ne kuskuren farko. Sa'ad da aka ba da umarnin, masu NIN a duk faɗin ƙasar ba su kai miliyan 50 ba, alhali layukan waya suna wajen miliyan 200. Lambar kuma ba a samunta daga gida. Dole mutum ya je da ƙafarsa, ya bi layi, ya ɗora yatsunsa a gilashin da ɗaruruwan mutane suka taɓa kafin shi, ya sauke takunkumi a ɗauki hotonsa. Gwamnatin da ta shafe wata tara tana roƙon jama'a su guji cunkoso, ita ce ta tara su a ƙofar ofisoshin hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC. Har ta kai ma'aikatan hukumar da kansu suka shiga yajin aiki a farkon Janairu 2021, kuma cikin ƙorafinsu akwai rashin kayan kariya daga cutar. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan rajistar yatsu a duniya, tun watan Maris 2020 ta dakatar da dangwalar shiga ofis ga ma'aikatan gwamnatinta ta tarayya don gudun yaɗa cutar. Mu kuwa a tsakiyar annobar muka buɗe wa ƙasa baki ɗaya sabuwar dangwala. Kada kuma wani ya ce korona ba ta iso nan ba, domin a farkon Mayu 2020 Sarkin Ƙaura Namoda, Alhaji Muhammad Ahmad Asha, ya rasu yana killace a asibitin Yariman Bakura da ke Gusau.

Sai dai ga mutumin ƙauye a ƙasar Tsafe ko Bungudu, korona ita ce ƙaramar barazana a wannan tafiya. Babbar ita ce hanya. Wanda ya san titin Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa a shekarun nan ya san da addu'a ake hawansa, balle hanyoyin da ke shiga daji. Wuraren rajista a birni suke ko a hedikwatar ƙaramar hukuma. Magidanci zai bar aikinsa, ya biya kuɗin mashin da na mota, ya ratsa inda ake tare mutane, ya iso ya tarar babu wuta ko babu sabis, a ce ya dawo gobe. Rajistar kyauta ce a hukumance, amma ƙorafin karɓar kuɗi a hannun masu nema ya cika ƙasar a lokacin. Waɗanda suka tsara wa'adin mako biyu a Abuja ba su sa wannan mutumin a lissafinsu ba, shi ya sa aka yi ta ƙara wa'adin sau da yawa.

Idan ya samu shiga, saura yatsan ya yarda. Na'urar ba ta kallon yatsa yadda ido ke kallonsa. Tana neman wuraren da zanen fata ya ƙare ko ya rabu biyu, ta mayar da su lissafi, ta kwatanta da wanda aka ajiye. Wannan yana tafiya daidai a hannun mai aikin ofis. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da fartanya, ko na mai fasa dutse, ko na matar da kullum take cikin wanki da surfe, zanensa ya goge ko ya tsattsage, ga hunturu yana ƙara busar da shi. Tsufa ma yana shafe zanen. Sai lalle, wanda kusan babu biki ko salla da matanmu ba sa ƙunsawa. Hukumar JAMB ta sha gargaɗin 'yan mata su guji lalle a yatsu kafin rajista da jarrabawa, saboda na'urarta kan kasa karanta su. Akwai kuma waɗanda kuturta ta cinye wa yatsu, da waɗanda harin 'yan bindiga ya raba da hannu. A zaɓen 28 ga Maris 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsan shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a garinsu Otuoke. Shi an sama masa mafita a ranar ya kaɗa ƙuri'arsa. Tsohuwar da ta zo daga Kwatarkwashi neman tallafi, idan yatsanta ya ƙi, sau da yawa amsar da take samu ita ce ta koma gida.

Annobar ta sa duniya ta juya daga yatsa zuwa fuska, tunda fuska ba sai an taɓa komai ba. A nan ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Manhajar gane fuska ana horar da ita ne da miliyoyin hotuna har ta koyi bambance wannan da wancan, kuma irin fuskokin da ta fi gani a horo su ta fi ƙwarewa a kai. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, tare da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin manyan kamfanoni uku wajen bambance namiji da mace: kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. A Disamba 2019 cibiyar ma'aunai ta gwamnatin Amurka, NIST, ta gano cewa manhajoji da yawa sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas, su ɗauki wani a matsayin wani, ninki 10 har zuwa 100 idan aka kwatanta da Turawa. Da takunkumi ya zo, cibiyar ta sake gwaji a Yuli 2020, ta ga ko manhajoji mafiya inganci kuskurensu ya tashi zuwa tsakanin kashi 5 da kashi 50. An inganta su sosai daga baya, wannan gaskiya ne. Amma mai sayen irin wannan kaya don Gusau ya kamata ya tambayi da fuskokin su wa aka gwada shi, da wace irin kyamara, a wane haske, kuma me aka tanadar wa matar da ke sa niƙabi wadda ba za ta buɗe fuska a gaban taron maza ba.

Ba na cikin masu cewa a watsar da fasahar. Na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta fara aiki da ita a 2021 ta yi abin da ya dace: idan yatsa ya ƙi, sai ta gwada fuska, wato ta buɗe ƙofa ta biyu. Ta kuma rage damar cika takardun sakamako da ƙuri'un mutanen da ba su zo rumfa ba. A zaɓen Maris 2023 Dauda Lawal ya kayar da gwamnan Zamfara mai ci, Bello Matawalle, kuma ina ganin tantancewar da ta fi ta baya tsauri tana cikin abin da ya sa jama'a suka yarda ƙuri'arsu ta yi aiki. Tantance ma'aikatan jiha ma ya bankaɗo sunayen bogi sama da dubu biyu da ake biya albashi. Inda matsalar ita ce wani yana shiga rigar wani, tantance yatsa da fuska magani ne na gaske.

Tambayar ita ce ko matsalar tsaron Zamfara irin wannan ce. Mu bi abin da ya faru bayan umarnin. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai sama da 70 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. Kwana biyu bayan haka, bisa roƙon gwamnatin jiha, NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a Zamfara baki ɗaya. An ce mako biyu ne. Gusau ba ta sami sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wannan mataki ya bayyana abin da ba a faɗa da baki ba. Bayan wata tara ana tattara yatsu don a bambance layin mugu da na mutumin kirki, hukuma ta kasa bambancewa, sai ta kashe na kowa. Masu POS suka zauna, 'yan kasuwa suka kasa tura kuɗi, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa yadda zai kira ɗauki, iyalan waɗanda ke hannun 'yan bindiga suka rasa labarin 'yan'uwansu. Mutane suna fita har wajen jihar don su buga waya ɗaya. A cikin waɗannan makonni ne ma aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe kimanin wata guda a hannunsu.

A ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 da ba a haɗa da NIN ba yin kira. Da tsarin yana aiki yadda aka faɗa, daga nan ya kamata cinikin fansa ta waya ya durƙushe. Bai durƙushe ba. A Satumba 2023 aka shiga Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bungudu, dab da Gusau, aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibinsu mata, wasu suka shafe watanni a daji. A Janairu 2024 Pantami da kansa, bayan ya bar mulki, ya fito yana kokawa cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan NIN da na layukan waya yadda ya kamata wajen bin masu garkuwa. Idan mai tsarin ya faɗi haka, sauran mu muna da haƙƙin cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake haɗa kuɗin fansa. Ɗan bindiga yakan kira ne da wayar wanda ya kama, don haka yatsun da ke ɗaure da layin na wanda aka zalunta ne. Yana da wayoyin da ya ƙwace a ƙauyuka da kan hanya. Yana da yaransa a gari masu samo masa layin da aka yi wa rajista da sunan wani. Kuɗin kuma tsaba ake kai su a buhu, ko a haɗa da mashin da mai da katin waya, ba su bi ta banki balle lambar tantance masu asusu, BVN, ta gan su.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Duk fasahar tantance jiki tana amsa tambaya ɗaya ce: wane ne wannan? A Zamfara an daɗe da sanin amsar. A Yuli 2022 masarautar 'Yandoton Daji da ke ƙaramar hukumar Tsafe ta naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani da rana tsaka, a gaban taro, ana ɗaukar hoto, alhali rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama shi. Bayan surutu ya yi yawa aka dakatar da sarkin da ya yi naɗin, shi kuwa wanda aka naɗa ya koma dajinsa. A watan ne kuma duniya ta ga fuskarsa a shirin BBC da ɗan jihar, Yusuf Anka, ya gabatar. Wani jagoran 'yan bindigar, Bello Turji, yana fitar da bidiyo da fuskarsa a buɗe, ƙananan 'yan bindiga suna baje kuɗin fansa a TikTok. Manoman Tsafe sun san sunan wanda ke sa musu harajin noma da na girbi, sun san iyayensa, sun san dajin da yake kwana. Babu manhajar da za ta ƙara musu sani. Abin da aka rasa shi ne jami'in da zai je, da motar da zai hau, da umarnin da zai ba shi dama, da kotun da za ta yanke hukunci, da ƙudurin siyasa da ba ya sauyawa daga sulhu zuwa yaƙi duk bayan zaɓe.

Rabon tallafin korona ya nuna wani gefen na daban. A Afrilu 2020 ma'aikatar jinƙai, wadda 'yar Zamfara Sadiya Umar Farouq ke jagoranta a lokacin, ta fara raba naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, shugaba Buhari kuma ya ce a faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Don gano talakan birni aka yi maganar duba asusun banki mai ɗan kuɗi kaɗan da layin da ake sa wa katin naira 100. Togo ta yi nisa a wannan hanya da shirinta na Novissi, inda aka horar da manhaja ta hasashen talauci daga yadda mutum ke amfani da wayarsa, aka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna hakan ya rage tsallake mabuƙata da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 idan aka kwatanta da rabo bisa yanki kawai. Nasara ce, amma tana da sharaɗi: sai kana da waya manhajar za ta gan ka. Matar da aka kashe mijinta, aka ƙone ƙauyensu, ta gudo Gusau tana kwana da 'ya'yanta a kangon gini, ba ta da asusu, ba ta da layi da sunanta, takardunta sun ƙone. Ita ce ta fi kowa buƙata, ita ce kuma babu a cikin kowane rumbun bayanai. Mai unguwa ya san ta, limamin masallacin da take bara a ƙofarsa ya san ta.

Sai batun da ya fi tayar min da hankali, wato ina bayanan suke zuwa. Lambar sirri idan ta fita ana canza ta. Yatsa da fuska ba a canza su, duk wanda ya same su ya same su har abada. A Singafo an yi wa jama'a alkawarin cewa bayanan manhajar bin sawun korona na lafiya ne kaɗai, sai ga shi a Janairu 2021 gwamnati ta amsa cewa 'yan sanda na iya amfani da su. A Afganistan, da Taliban suka karɓi mulki a Agusta 2021, na'urorin ɗaukar yatsu da ƙwayar ido da sojojin Amurka suka bari sun faɗa hannunsu. Mu a nan dokar kare bayanai ba ta samu sa hannu ba sai Yuni 2023, bayan an riga an tattara bayanan mutane wajen miliyan 100. A 2024 kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta kafa hujja. A Legas wannan yana nufin damfara. A Zamfara, inda kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ta raba maƙwabci da maƙwabci, takardar da ke ɗauke da hoton mutum da adireshinsa da lambar wayarsa tana iya zama jagorar masu zuwa ɗaukarsa da dare.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk wurin da ake raba haƙƙi, tallafi ne ko fansho ko taki ko jarrabawa, a kafa doka cewa gazawar na'ura ba ta soke haƙƙin mutum. A sa jami'i mai ikon karɓar shaidar dagaci ko mai unguwa, ya sa hannu da sunansa, a hukunta shi idan ya yi ƙarya. Rajista ta bi mutane inda suke, musamman 'yan gudun hijira da ke cikin Gusau da Tsafe da Bungudu, da ma'aikata mata masu ɗaukar hoton mata a keɓe. Idan wata annoba ta zo, kuma jihar da ta ga sanƙarau a 2017 da kwalara a 2021 ba ta da dalilin zaton ba za ta zo ba, kada a sake sa wa'adin da zai tara jama'a wuri ɗaya. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su nemi hukumomin tsaro da NCC su kawo alƙaluma a fili: tun Afrilu 2022, kiran neman fansa nawa aka bi sawu a Zamfara, mutum nawa aka kama ta wannan hanya, nawa aka gurfanar. Waɗanda suka ba da yatsunsu sun cancanci jin wannan amsa.

Nan gaba kaɗan 'yan kwangila za su yi ta zuwa gidan gwamnati da tallar kyamarori masu gane fuska da jirage marasa matuƙa masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, kuma wasu daga cikin kayan suna da amfani, musamman wajen hango ayarin mashina kafin ya isa ƙauye. Kafin a sa hannu, a tambayi mai tallar da kwamishinan tsaro tare: idan kyamarar da ke mashigar Tsafe ta gane wanda ake nema da ƙarfe biyun dare, wa za ta sanar, jami'ai nawa ke bakin aiki a ofishin da ya fi kusa, motarsu tana da mai, kuma cikin minti nawa za su iso. A rubuta amsar a cikin kwangilar, a ware mata kuɗinta a kasafi ɗaya da na kyamarar.